Sawun Ƙafa a Kan Sabon Masai

"Gajiya kuma? Ina na ga aikin da zan gaji, ni da ka mayar 'yar kallo a ɗakina?"

"Allah ya huci zuciyarki, amarya. Ni dai gaisuwa na yi."

Kaka tana kishingiɗe a tabarma, ta dafe ciki. Mai gaisuwar jikanta ne, mai gyaran famfo, wanda take kira ango. Shi ne ya fasa mata tsohon masanta na tsugunno lokacin da ta yi tafiya, ya kafa na zama fari ƙal, wai don a tausaya wa gwiwoyinta. To, tun da ta dawo cikinta ya ɗaure tamau. Ta shiga, ta zauna, ta yi nishi har ido ya yi ja, ta fito yadda ta shiga. Abinci ma ta daina ci, tsoron ɗora kaya a kan kaya. Ga shi uban yaron ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi da zancen bayan gida! Shi kuwa da ya ga tana ramewa, ya ce da la'asar zai zo da mota a kwantar da ita asibiti. Kaka kuwa duk duniya ba abin da take tsoro kamar gadon asibiti.

"Baba ya ce masan yana girgiɗi, in zo in duba."

"Aikin wa? Kai da tun kana yaro ko buta ka riƙe sai ta fashe."

"Butar da kika saya tun kafin a ƙirƙiro ruwa?"

Ta watsa masa yatsu biyar. Ya ɗauki sifana ya shige banɗaki yana fito. Can sai fiton ya tsaya cak.

"Tsohuwa! Wace akuya ce ta hau kan masan nan?"

"Akuya a banɗakina? Sai dai in danginka ne suka kawo ziyara."

"To akuyar nan yatsunta biyar, ga kaushi a dunduniya. Ƙaramin yatsan ma a karkace yake, irin na wata da na sani."

Kaka ta ja zane a hankali ta rufe ƙafafunta. Ango ya leƙo, amma dariyar ta bar fuskarsa.

"Kaka, hawa kike yi ki tsuguna a kai?"

"Aljanu ne."

"Wallahi tangaran ne. In ya dare a ƙarƙashinki yanka zai yi, kuma ba mai jin ihunki."

Kunya ta rufe ta, sai kuma haushi ya zo ya ture kunyar.

"Ai kai ka jawo, ɗan banza! Mutum tun yana rarrafe tsugunno ya sani, ka zo ka ɗora shi a kujera kamar mai jiran alƙali. Cikina ya ga kujera ya ɗauka hira aka zo yi. Na gwada hawa, gwiwa ta ƙi, saura kaɗan in kife da ka. Kwana da kwanaki ke nan ba ko ƙanƙani!"

Ya zube a bakin ƙofa, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Dama ciwon ke nan? Mu muna can ba ma barci, mun ɗauka wani mugun abu ne ya kama ki!"

"Ka kuskura ka gaya wa ubanka, yau sai ka sake ni."

"Ni da na daɗe ina neman hanya? Rashin mai karɓar ki ne ya hana."

"Ni? Maza layi suke yi a kaina tun ubanka bai iya ɗaura wando ba."

"Yanzu ai sai dai masu sayar da sanda."

Yana magana yana waige-waige, har idonsa ya sauka a kan kujerarta 'yar tsugunno, wadda take zama a kai in za ta yi alwala. Ya ɗaure notin masan, sannan ya ajiye kujerar a gabansa.

"Wani dattijo da na yi wa aiki ne ya nuna min. Ki zauna a masan yadda kika saba, ki ɗora ƙafafu a nan, gwiwa ta haura ƙugu, ki ɗan sunkuya gaba. Tsugunno ne, amma a zaune. Hanji kamar tiyo yake, in ya lanƙwashe ruwa ba ya wucewa."

"Yanzu ni ce tiyo?"

"Tsohon tiyo ma kuwa. Kuma ban da nishi, ba haihuwa kika zo yi ba."

"Ka san wannan dabarar, shi ne ka bar ni ina shan azaba?"

"Kin faɗa? Ni mai famfo ne, ba boka ba."

Ya haɗa mata ruwan ɗumi ta shanye tana hararar sa. Ta kore shi waje, ta ce ya kunna rediyo ya ƙure murya, sannan ta shiga ta ja ƙofa.

Abin da ya faru a ciki ba namu ba ne. Amma da Kaka ta fito, gumi ne a goshinta, kafaɗunta sun sauka, tana ta jera hamdala. Ta ji kanta sakayau, har ta rasa inda za ta sa daɗi. Daidai nan aka danna hon a ƙofar gida.

"Ga Baba nan da mota," in ji ango.

"Maza je ka ce masa na warke."

"In ya ce wane magani kika sha fa?"

"Ka ce ganin mijina na yi."

"Ba zai yarda ba, ya san mijin naki."

"To ka ce masa ya juya motar nan kasuwa. Nama nake so, da yawa."

Ango ya tsaya da hannu a kan ƙofa. "Ba inda zan je sai kin ce na ci."

Kaka ta so ta ɗaure fuska, amma ina! Dariya ta ƙwace mata har da riƙe cikin da ya zama fayau.

"Ka ci, ja'iri, ka ci! Je ka sallame shi ka dawo a zuba mana. Yau kwano ɗaya za mu ci da kai, kuma kar ka sa ran zan rage maka."