Randar Ya Fanne da Dokar Ruwan Sama

Jama'a, ku taya ni murna. Yau da taimama na yi azahar, a Nguru, garin da shekaranjiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Kun san halin rijiyar unguwarmu: zartsi, in ka sha sai ka rantse kanwa aka jiƙa. Sabuwar da aka yi mana alkawari tun da samari suka dawo daga yaƙin Bama na Turawa kuwa, an buga ganga, an yanka sa, manya sun ci, an haƙa rami iya ƙugu. Yanzu awaki ke ƙailula a ciki. Shi ya sa in hadari ya taso kowa ke tara randa a bakin indararo.

To, ashe ruwan Allah ma yana da doka. Mai shela ya zagaya: kowace randa da murfin katako, ruwan sama kada ya daɗe a gida, wanda aka samu tsutsar sauro a nasa a zubar. Hikima ke nan, wadda sai mai tankin ƙarfe a bayan gida yake iya tunaninta.

Da hantsi sai ga duba-gari, Mai Girma Sarkin Leƙen Randa, da hular kwano da dogon ludayi. Tawa bai ko leƙa ba. Faifai ne a bakinta, faifai kuwa ba katako ba ne. Aka tuntsurar. Na ce, "Allah ya ja zamaninka," don in ba ka da ƙarfi, ladabi ma sanda ne.

Daga nan ya faɗa gidan maƙwabciyata, Ya Fanne, tsohuwar da ke dafa wa 'yan dakon gyaɗa ɗanwake a bakin tasha. Randarta tun daga Gashuwa ta zo da ita a kan raƙumi, gadon uwarta ce. Da ruwan nan take girki, don na rijiya yana ɓata mata ƙullu. Mijinta Mudi kuma yana kwance, cikinsa ba ya karɓar zartsi.

Mai Girma ya tsoma ludayi, ya ɗaga, ya ƙanƙance ido.

"Tsutsa!"

Ya Fanne ta leƙa. "Ɗan nan, wannan ai tsinken zana ne."

"Yana motsi."

"Hannunka ne ke rawa."

Kaico, tsohuwa ta manta faɗan da ya fi ƙarfinka wasa ake mai da shi. Ya sa ƙafa ya ture randar. Ruwa ya malale, bakinta ya tsage har wuya. Ya Fanne ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta tsinci guntun da ya ɓalle ta ƙulle a bakin zane.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Ranka ya daɗe, kududdufin bayan ofishinku fa, inda aka ɗebi ƙasar ginin? Sauron can har rangaɗa guɗa yake yi da magariba."

Ya ce, "Doka randa ta ce. Kududdufi randa ne?"

Wallahi ba randa ba ne. Ilimi kogi.

Haka ya bi unguwa gida-gida yana tuntsurar da randuna, rana na dukansa, har ƙasa ta ƙoshi. Can wajen la'asar sai ga shi ya dawo ta ƙofar Ya Fanne, gumi sharkaf, leɓe ya bushe. Ya rage murya.

"Iya, a taimaka da ruwa."

"Lale, lale! Baƙo ai ba a hana shi."

Ta shiga ta fito da ƙwarya, an rufe da murfin akushi, katako tsantsa. Ta rusuna ta miƙa da hannu biyu. Ya buɗe. Wayam.

"Bismilla, ɗana. Wannan ko tsutsa ɗaya babu."

Matan unguwa suka tuntsire da dariya ta bayan zana. Mai Girma ya haɗiyi yawu, ya gyara hula, ya nufi rijiyar zartsi. Mudi kuwa ruwan jirgin ƙasa ya sha yau, wanda wani ɗan dako, Rabe, ya roƙo masa wurin masu zuba wa inji.

Ni dai na yanke shawara: gobe in hadari ya taso, tsakar gida zan tsaya in buɗe baki sama. In kuma an ce shi ma a sa masa murfi, ba komai. Bakin talaka ya daɗe da sabawa.