Ranar da Na Kashe Wifi ɗin Hajj Saboda Hadiza

Soyayya ce ta ja min, ba komai ba. Kullum na kira Hadiza a Damagaram, sai fuskarta ta daskare a waya daidai lokacin da za ta saki murmushin nan mai narkar da zuciya. Da na ji wai canja lambobin DNS a akwatin wifi na ƙara wa intanet gudu, har ya ɓoye sirrin masoya, sai na ce aikin minti biyu ne.

Na kwafi kalmar sirri daga bayan akwatin wifi na Hajj Salim, mai gidan da muke haya a unguwar Manshiya ta birnin Sabha, na zuba lambobin da ka, ina jin kaina gwani. Ashe na kuskure ɗaya. Nan take intanet ɗin gidan ya mutu, har na benen Hajj.

Ga ni baƙo, ko takardar iƙama ta izinin zama ba ni da ita! Na jiyo shi yana saukowa yana waya: "Ku zo yanzu, wani ya taɓa min kaya." Na ce shi ke nan, ƴan sanda ne, Hadiza za ta tsufa tana jirana. Na haye rufi na lafe bayan tankin ruwa cikin tsakar ranar Sabha, ina ta salati.

Sai bayan la'asar Ilu, abokin ɗakina, ya leƙo. "Sauko, ango. Surukin Hajj ne ya zo, ya soka tsinken sakace a wani ɗan rami na akwatin wifi ɗin, ya gyaru."

Har yau ko wuta aka ɗauke a unguwa, sai Hajj ya ƙwala min kira: "Ya muhandis, babban injiniya, aikinka ne? Ilu, duba mana bayan tanki!"