Takardar Yarda da Agogo Bakwai

"Lafiya ƙalau, tsohon mijina. Ina gajiya? Ko da yake wace gajiya kuma, mutumin da duk aikinsa zama."

"Gajiyar jin muryarki mana, Allura. Tun kina bakin titi na san ke ce, don ba mai jan takalmi haka sai ke."

"Malam, ina kwana? Ku yi haƙuri, haka nake fama da shi kullum."

Ni ne Malam ɗin da ta gaisar, kuma ina zaune ne a ɗakin Dattijo, maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ce ta raba mu. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo, ya kuma daɗe yana dattijon ikkilisiyarmu har sunan ya bi shi. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, ba ya bambance komai sai haske da inuwa. Tun daga lokacin nake shiga wurinsa kowace safiya in karanta masa sura ɗaya daga Nassi, shi kuma ya yi mini bayaninta ko ban tambaye shi ba. Agogo bakwai ne rataye a bangon ɗakin, kowanne da nasa lokacin, domin mai daidaita su ya daina ganinsu. Allura kuwa jikarsa ce, tela ce mai shago a ƙarshen layi, kuma shi ya raɗa mata wannan suna.

Batirin rediyo ya aike ta ta sayo. Ta zo da batirin, amma ta haɗo da wata takarda daga asibitin ido. An ba Dattijo gurbin yi masa aikin ido ranar Alhamis, da sharaɗin ya sa hannu a takardar yarda, wani ya sa hannun shaida, a mayar da ita kafin ƙarfe sha biyu na wannan rana. In aka wuce haka, za a ba wani gurbin, shi kuma ya jira wata takwas.

"Ina batirina?"

"Yana nan lafiya, yana gaishe ka. Malam, don Allah ku karanta masa wannan layin na ƙasa."

Na gyara tabarau na karanta: "Na yarda a yi mini wannan aiki da son raina, ba tare da wani ya tilasta ni ba."

"Tsaya nan, Malam. Da son wa?"

"Da son ranka," in ji Allura. "Ko shi ma yanar ta rufe shi?"

"Ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. Wane ne mutum da zai ce da son ransa? Mu yumɓu ne a hannun Mai ginin tukwane. Kin taɓa jin tukunya ta cike takarda? In Ubangiji ya nufa in gani, zan gani ina zaune a kan wannan kujera. In bai nufa ba, likitoci goma su taru a kaina, wahala kawai za su sha."

"Ikon Allah! Jiya ciwon baya ne ya hana ka zancen asibiti, shekaranjiya sanyi. Yau kuma ka hau mumbari."

"Ke me kika sani? Kina makarantar Lahadi barci kike yi, miyau na zuba a kan littafin mutane."

"Kai kake koyarwa, dole in yi barci."

"Ki dubi bangon nan." Ya nuna wajen taga, ita kuma ta kama hannunsa ta juya shi wajen bango. "Agogo ba ya zaɓen ƙarfe nawa zai buga. Wanda ya ƙera shi ya riga ya tsara masa komai tun kafin ya rufe murfin. Haka muke."

"To me ya sa bakwai ɗin nan ba biyu da suka yarda da juna? Wannan ya ce tara da rabi, wancan ya ce an kusa tashi daga aiki. Kuma wa na ji ran nan yana zagin wancan mai tsuntsun, yana ce masa mai taurin kai, ɗan banza mara jin magana? Agogo ma ka ba shi taurin kai, kai kuma ka ce ba ka da shi?"

"Wannan maganar sana'a ce, ba ta shafe ki ba. Ba ni batirina, lokacin labarai ya kusa."

"Ba zan bayar ba."

"Me kika ce?"

"Ina so in bayar, tsakani da Allah, amma hannuna ya ƙi shiga jaka. Ina jin an taurare mini zuciya ne, kamar ta Fir'auna."

"Ke! Kada ki yi mini wasa da Nassi. Da gangan kike yi!"

"Malam, kun ji ko? Ashe akwai gangan a duniya. Ni na ɗauka mu duka tukwane ne."

"Ke ba tukunya ba ce, fasasshen tulu ce. Kuma Fir'auna da kike jingina da shi, ai hukunci ya sha."

"Don me aka hukunta shi in ba shi ya yi ba?"

Dattijo ya juyo wajen da yake zaton ina zaune. "Malam, gaya mata. Ba a rubuce yake cewa Allah ne ya taurare zuciyarsa ba?"

Na ce a rubuce yake. Na ƙara da cewa, a cikin surorin da muka karanta makon jiya, akwai kuma wuraren da aka ce shi Fir'aunan ne ya taurare zuciyar tasa da kansa, kuma har na ƙidaya su a lokacin.

"Wa ya tambaye ka ƙidaya? Shi ya sa ba na son zama da malaman makaranta, ba su san inda ake tsayawa ba."

Allura ta yi dariya har ta dafa tebur. "To, maigida, tun da komai an tsara shi, wandon nan da na ɗinka maka bara, da ka yi wata uku kana kai ƙarata wurin mutanen layi wai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, sai ka nemi gafarata. An ƙaddara shi haka tun kafin a kafa duniya."

"Wannan ba ƙaddara ba ce, rashin iya aiki ne. Kina yanka kina waya da samari."

"Wato in nawa ne, ni na zaɓa. In naka ne, daga sama aka aiko."

"Yanzu kika fara gane karatu."

"Kai, wannan miji! Zan tattara kayana in bar maka gidan."

"Wane kaya? Da almakashi ɗaya kika zo, shi ma na kakarki ne. Wa zai kwashe ki in ba ni ba? Ni ma don ba na gani ne nake haƙuri da ke."

"Ashe dalilin ke nan! Kana tsoron a buɗe maka ido ka ga kyawuna ka suma."

"Ina tsoron in gan ki in roƙi likita ya mayar mini da yanata."

Ta duba wayarta, domin agogunan bango ba abin dogara ba ne. Ƙarfe goma da kwata. Daga nan zuwa asibitin tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, in hanya ba cunkoso. Sai ta jawo kujera ta zauna dab da shi.

"Tun da ka ambaci Kaka, bari in tambaye ka. Sau nawa ka ba mu labarin yadda ka aure ta? Masu nema biyar, har da mai mota, kai kuma da tsohon keke. Kullum kana buga ƙirji kana cewa, ni na zaɓe ta, ni na je da ƙafata. To kai ka je, ko tura ka aka yi?"

"Ni na je."

"Ba Allah ne ya ba ka ita ba?"

"Shi ya ba ni mana! Wa zai ba ni irinta in ba shi ba?"

"To wanne ne ciki?"

"Duka biyun." Ya shafa hannun kujerarsa. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa. "Ita ma da ƙafarta ta shiga asibiti, Allura. Ni na sa mata hannu a irin wannan takardar. Na karanta, na yarda, na sa. Ba ta fito ba."

Agoguna bakwai suna ta aikinsu. Na san wannan labari, domin ina cikin waɗanda suka raka shi a ranar, amma ban taɓa jin ya ambaci takardar ba sai a wannan safiya.

"Kakana," in ji ta, kuma wannan ne karo na farko da ta kira shi haka tun shigowarta, "ciwon Kaka ya riga ya ci ƙarfinta kafin ku je, kai ma ka sani. Kai da bakinka ka tsaya gaban jama'a ka ce kwananta ne ya ƙare. Yaya aka yi mutuwarta ta zama aikin hannunka, idonka kuma ya zama aikin Allah shi kaɗai? Ka juya su ne, tsoho. Ka sa rigar a baibai."

"Tela ce za ta koya mini sa riga."

"Ƙwarai kuwa. Kuma wannan aikin minti ashirin ne, ko barci ba za a sa ka ba. Za ka iya yi wa likitan wa'azi yana aiki, shi ne ma abin tausayi. Malam, wane labari ne kuka karanta masa ran Litinin, na ji ku ta taga? Na makahon da aka shafa wa laka a ido?"

Na ce shi ne, wanda aka haifa makaho, Ubangiji ya shafa masa laka, ya ce ya je ya wanke a tafki.

"To, shi makahon zama ya yi ya ce in an nufa tafkin zai zo ya same shi?"

"Tafiya ya yi," in ji Dattijo a ciki-ciki.

"Da ƙafar wa?"

"Da ta ubanki."

"Ubana ɗanka ne, ka zagi kanka. Ɗayan makahon kuma fa, na bakin hanya mai ihu? Ubangiji bai ga makaho ba ne? Ya gani sarai. Duk da haka sai da ya tsaya ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Ka ga ko shi sai da ya nemi yarda. Ashe likita ba shi ya fara ba."

Sai kafaɗun Dattijo suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Malam, ka ga abin da barci a makarantar Lahadi yake haifarwa? Ashe da kunne ɗaya take barcin. Na gane yanzu. Annabin nan da aka aika gabas ya gudu yamma, ai kifi aka turo masa. Ni kuma ke aka turo mini."

"Ni ce kifin?"

"Bakin dai ya yi daidai. Kawo biro."

Ta ɗora takardar a kan faifan katakon da yake gyaran agogo a kai, ta sa masa biro, ta kama hannunsa za ta ja shi.

"A'a, sakar mini hannu. Ki nuna mini inda layin yake kawai. Takardar ta ce ba wanda ya tilasta ni, kuma Malam zai yi shaida, ba na so ya yi shaidar zur."

Ta ɗora yatsansa na hagu a farkon layin, ta janye. Ya sa hannu a hankali, rubutun ya ɗan haura sama, amma nasa ne, kowa ya gani zai gane. Ni ma na sa nawa a gurbin shaida, na rubuta kwanan wata.

"To, wa ya sa hannun nan, kai ko Allah?" in ji ta tana ninke takardar.

"Je ki tambayi fasto, shi ake biya don wannan. Buɗe aljihun tebur na biyu, akwai ƙaramin gwangwani."

Ta buɗe. Agogon hannu ne na mata, siriri, an naɗe shi a auduga. Na kakarta ne.

"Ba ya tafiya, tun bara ya tsaya. Ki riƙe. In na fito ina gani, ki kawo in gyara miki."

Ta ɗaura shi a hannu, ta ɗan juya mana baya tana neman abin da bai ɓata ba a cikin jaka. Sannan ta fito da batirin ta saka a rediyo.

"In kuma ka kasa gyarawa fa, tsohon mijina?"

"To an ƙaddara ki riƙa makara ke nan, kamar yadda kika saba. Tashi ki tafi, sha biyu ba ta jiran tela."

"Wanne daga cikin bakwai ɗin ne ya gaya maka?"

"Ran Juma'a ki zo ki tambaye su. Za ki tarar bakinsu ɗaya."