Yadda Na Zama Mai Tonon Gidan Tururuwa

Abubuwa da yawa sun fice mini daga kai yanzu, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube, amma ranar da Kaka Hajo ta ratso filin wasa da ƙwarya a ka, ita kam ba zan taɓa mantawa da ita ba.

A shekarar babban farin nan ne, wadda aka rufe iyaka, hatsin Katsina ya daina shigowa sai ta ɓarauniyar hanya. Ina aiki a wata kolej a garin Agiye, ta wajen Maraɗi, ni ne mai buga ƙararrawa da tsawata wa ɗalibai. Sai aka kawo mana wata baturiya mai koyar da Ingilishi, kowa Madam yake ce mata. Ta zo da wata doguwar jaka cike da sanduna masu kan ƙarfe, da fararen ƙwallaye kamar ƙwan zabo. Ta ce wasan golf ke nan, kuma za ta koya wa 'yan matan makarantar. A ƙasarsu, in ji ta, a kan ɗanyar ciyawa ake yin sa. Mu kuwa a shekarar ko akuya ta manta kamannin ɗanyar ciyawa, tsofaffin takardun jarrabawa take bi tana ci.

'Yan mata suka yi dafifi wajen shiga ƙungiyar. (Kada ku ɗauka son wasa ne. Madam tana dama musu kunun madara bayan kowane horo.) Da abin ya yi mata yawa, darakta ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce an naɗa ni mataimakin mai horarwa. Ba a ƙara mini ko sisi ba, amma an ba ni usur mai igiya ja. A ranar, da shi a wuyana na yi sallar la'asar.

Aikina a fili shi ne in tsaya bayan Madam, duk abin da ta faɗa da Faransanci in maimaita da Hausa, da ƙarfi, ina haɗe gira. "Ki sunkuya! Ki dubi ƙwallo, ba ni ba!" Ni da kaina sau ɗaya na taɓa gwada bugu, da ba kowa a wurin. Na ɗaga sanda na kai duka iya ƙarfina, ƙasa ta tashi, ƙwallo yana nan inda yake yana kallona. Daga ranar na yanke shawarar cewa babban mai horarwa ba ya taɓa sanda.

Wannan muƙami ya zo mini a kan kari, domin a lokacin ina neman auren Barira, 'yar Malam Idi mai sayar da wake. Na aika manya, ya ce a dakata a ga yadda shekara za ta kaya. Ba wanda zai ga laifinsa. Mutane suna ta barin gari, ba uban da zai miƙa 'yarsa ga wanda bai tabbatar zai iya ciyar da ita ba. Saboda haka duk zuwan da zan yi gidan sai na rataya usur ɗina a waje da riga, in zauna a zaure ina ba da labarin nauyin da hukuma ta ɗora mini. Kakar Barira, Kaka Hajo, wadda take kirana angonta cikin wasan jika, takan leƙo ta ce, "Angona, wannan abin hura ne za mu ci?" In yi dariyar manya.

Abin da ban taɓa faɗa a zauren ba shi ne ɗayan rabin aikina. Wasan nan rami yake so, a binne gwangwanin tumatir a ciki don ƙwallo ya faɗa. Ƙasa ta bushe ta zama rairayi zalla, kafin gari ya waye ramukan sun rufta. Madam kuma ta ce tunda ba ciyawa, dole ƙasar bakin ramin ta yi laushi, ba tsakuwa ko ɗaya. Wa zai yi? Mataimaki. To ni mutum ne mai usur, mai neman aure, ba zan yarda a gan ni ina aikin lebura ba. Sai na riƙa fita da an sallame asuba, da 'yar hauya da ƙwarya da rariya a ƙarƙashin riga. In waiga dama da hagu, in durƙusa, in tona, in zura hannu in kwaso ƙasa cikin ƙwarya, in tankaɗe ta a hankali. In na ji motsi in ɓoye kayan in miƙe kamar mai shan iska.

Yaran yanzu ba za su gane ba, bari in yi musu bayani. A shekarar, idan rumbu ya ƙare, ganyen daji ya ƙare, abin da ya rage wa mutum shi ne ya nemi gidan tururuwa ya tona, ya kwaso ƙasar, ya tankaɗe, ya tsince 'yan ƙwayoyin da suka tara. Da duku-duku ake yi, a ɓoye, kuma wanda ya ga mai yi sai ya kawar da kai. Ni na san wannan sarai. Sai dai ban taɓa tsayawa na kalli kaina daga nesa ba.

Na dai lura gari ya canza mini. Tsofaffi suka fara gaishe ni da sanyin murya, suna cewa Allah ya kawo sauƙi. Mai tsire ya ƙara mini yanka ba tare da na roƙa ba. Barira ta daina haɗa ido da ni, ran nan har na ga tana share hawaye da gefen mayafi. Na ce a raina, muƙami ke nan, kwarjini ya fara shiga.

Sai ga ranar da kumandan, mai mulkin yankinmu, zai zo da baƙi daga Maraɗi su ga 'yan matan da suke wasan Turawa. Aka share fili, aka jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. Na sa farin wando da na aro, na tsaya kusa da rami ina riƙe da tuta, ina hura usur ko ba dalili. Wata yarinya ta gyara tsayuwa za ta buga, kowa ya yi tsit. A daidai nan Kaka Hajo ta ɓullo ta bayan azuzuwa, da ƙwarya rufe da faifai, ta ratso tsakiyar fili ba ta ko kalli kumandan ba. Ta zo gabana ta sauke. Kunnenta ya yi nauyi, don haka duk maganarta kamar kiran wanda yake ƙetaren gona ce.

"Angona, amshi wanga. Kuma daga yau ka bar tonon gidan tururuwa. Mun ji, ni da kaina na taho na gani da idona. Yunwa ba abin kumya ba ce, amma ba ka yin ta kai ɗai muna raye."

'Yan matan da nake yi wa tsawa kullum suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Kumandan ya cire tabarau ya juya ya dubi darakta, irin kallon da ke tambayar ko ana biyan ma'aikata a makarantar nan.

Na ce, "Kaka, ba haka ba ne. Ramin ƙwallo ne. Ga shi nan, ƙwallo ake sakawa ciki."

Ta leƙa ramin, ta daɗe tana dubawa. "Mi ka hiddawa ciki?"

"Ba komai. Ƙwallon ne dai, in ya shiga a ciro shi."

"A saka shi, a hiddo shi."

"E."

"Kuma don wanga kake tashi da assalatu kana tankaɗen ƙasa, cikin wagga shekara?"

Sai da na ji abin a bakinta na gane cewa gaskiyar ta fi ƙaryar ban kunya. Ita kuwa ta juya wajen manyan baƙi, ta dafa ƙirji, ta ce, "Allah sarki. Ku ji mini yaro, kumya ta sa shina shirya mini tatsuniya."

Madam ta matso ta tambaye ni da Faransanci me tsohuwar take cewa. Na ce tana yi wa ƙungiya fatan nasara. Madam ta ji daɗi ƙwarai, har ta tafa mata. Haka na ƙarasa wasan, tuta a hannun dama, ƙwarya a hagu, usur ya ƙi huruwa.

Da na koma ɗaki na buɗe faifan, dariyar da nake shirin yi wa kaina ta gushe. Gero ne zaɓaɓɓe, gauraye da toka. Irin shukarta ne, wanda ta ɓoye wa kowa har 'ya'yanta, ta kawo wa mai tona ramin ƙwallo. Na zauna na yi kuka, ba na jin nauyin faɗa.

Ba a jima ba Malam Idi ya aiko a kira manyana. Ashe Kaka ta tsare shi ta ce wanda zai tona gidan tururuwa a ɓoye, ya wanke hannu ya rataya usur ya fito yana murmushi, bai roƙi kowa ba, ba zai bar 'yar mutane da yunwa ba. Abin da muƙamina ya kasa yi mini, tururuwa suka yi. Na so in je in gyara zancen. Na kai har ƙofar zaure, sai na gaishe su na wuce.

Geron ban taɓa shi ba. Da ruwan fari ya sauka na kai shi gonar Kaka na shuka da hannuna, kuma ta yaba da yadda nake sara rami, ta ce an ga alamar sabo. Madam ta koma ƙasarsu, wasan ya mutu, ta bar mini sanda ɗaya wadda Barira take kakkaɓe katifa da ita har yau. Idan jikoki suka raina tuwo, takan nuna ni ta ce, "Kakanku gidan tururuwa ya tona." Ni kuwa in gyaɗa kai in yi fuskar wanda ya sha wuya.

Abin da na koya dai shi ne, aikin da za ka ɓoye don kada a raina ka, mutane za su ƙirƙiro masa dalili da kansu. In kuma dalilinsu ya fi naka kyau, ka sa hannu biyu ka karɓi ƙwaryar, ka yi shiru.