Ƙwallaye Biyu da Na Ba Mai Karaya

Har in koma ga Mahaliccina, ba zan taɓa mantawa da wasan Gummi da Bukkuyum ba. Lokacin ni ke aika wa wani gidan rediyo rahoton wasanni daga yankinmu, kuma kowa ya san ni ɗan gidan Alhaji ne, shugaban kulob ɗinmu na Gummi. A motarsa nake zuwa fili, a gidansa nake cin tuwo. Ɗansa Nura, mai riga lamba goma, ko faɗuwa ya yi sai in ce dabara ce.

Ranar rana ta ƙwalle, sai Alhaji ya ce in zauna cikin mota in sha sanyi. Na zauna, ga tsire, ga lemo (aikin jarida ke nan a wurina, Allah Ya yafe mini). Daga can nesa na hango lamba goma ya jefa ƙwallo biyu. Ban tambayi kowa ba, shi ma Alhaji bai ce uffan ba. Na aika rahoto da zafinsa: Nura ya gigita Bukkuyum, ya kamata masu zaɓen ’yan wasan jiha su dube shi. Suka kuwa saka sunansa.

Abin da na manta shi ne, kulob ɗinmu rigunansa ƙidayayyu ne, wanda ya shiga fili shi ke saka wadda ta samu. Nura kuwa ya faɗi a babur tun farkon mako, ban samu labari ba.

Washegari na isa majalisar mai shayi ina taƙama, sai na tarar da Nura a kan benci, ƙafa a miƙe, an yi mata ɗori da karare. Mai shayi ya ce, “Malam, zo ka gaida gwaninka. Da wagga ƙafa yac ci biyu, ina ga ta warke?” Aka tuntsire da dariya. Na nemi ƙasa ta tsage in shige.

Dariyar ma da sauƙi. Wani saurayi ya taso ya gaishe ni da ladabi, ya ce sunansa Basiru, daga Bagega, haƙar zinare yake yi. Shi ne ya saka riga lamba goma ya ci ƙwallayen. Ya bar aikin kwana uku don wannan wasan, saboda ya ji masu zaɓe na sauraren shirina.

“Malam, ban zo faɗa ba,” in ji shi. “Inna ce tat tara maƙwabta, sunka zauna gaban rediyo su ji sunana. Da anka gama tac ce mini, ashe ƙarya ni kai mata, ban buga ba.”

Na shiga ba shi haƙuri, na yi alkawarin gyarawa.

Na gyara a shirin da ya biyo baya, na faɗi sunansa sau uku, na ba Inna haƙuri. Amma an riga an rufe zaɓe, Basiru ya koma rami.

Yanzu a bakin layin fili nake tsayawa cikin rana, ina tambayar kowane ɗan wasa sunansa kamar mai ƙidayar jama’a. Alhaji ya daina amsa gaisuwata. Na rame, na yi baƙi, amma wanda na ce ya ci ƙwallo, to da ƙafarsa ya ci.