Akub a Gindin Katanga

"Lafiya lau, ango. Sai yau ka tuna kana da mata a ƙauye?"

Sitti Zarifa ce ke magana daga tsakar gida, tire a cinyarta, tana datse ƙayar akub da almakashi. Jikanta Wasfi, direban babbar mota a birnin Nablus, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tiren. Tun tana yarinya, da zarar sanyi ya ja baya, takan hau dutse ta saro wannan tsiro mai ƙaya da ake dafawa a ci, har ranar da ta zame ƙugunta ya karye. Daga nan hawa ya ƙare. Wasfi ne ya bi duwatsu da rani ya tsinto irinsa, ya shuka mata a gindin katanga, ita kuwa tana ta yi masa dariya. Shekara ta zagayo, wata ta bi, ba abin yanka. Sai yau da safe ta dogara sanda, ta yanki na farko da hannunta.

"Sitti, wa ya ba ki izinin shiga gonata?"

"Gona? Wannan ɗan lungun da ko kaza sai ta fita da baya?"

"Shi ne kika cika tire da shi."

"Tausayinsa na ji. Na ga maigidansa yana can yana gyangyaɗi a kan sitiyari."

"Ba ke kika ce in ya tsiro za ki taka rawa a gaban masallaci ba?"

"Na ce akub ɗan dutse ne, ba ya zaman gida. Wannan halinka ya ɗauko. Malalaci, yana kwance kusa da kicin. Ko ƙayarsa ba zafi."

"To, mu ga yatsun."

Ta tura hannun ƙarƙashin tire, amma ya riga ya gani. Duk sun yi baƙi da ruwan ganyen, ga tsagar ƙaya nan da can. Rabon da ya ga hannunta haka tun kafin faɗuwar.

Ya jawo kujera ya ɗauki ɗaya zai taya ta.

"Ajiye. Aski za ka yi masa? Ka yar da kan, wurin daɗin kenan. Wace baiwar Allah za ta aure ka?"

"Ai na riga na yi asara, tsohuwa na samu. Haƙori huɗu, baki kamar rediyo."

"Huɗun nan sun ci akub da ya fi motarka nauyi."

"Da kindirmo za ki dafa, ko da ƙwai?"

"Da kindirmo da naman rago. Kai kuma burodi da zaitun ya ishe ka."

Almakashin ya ɗan tsaya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Duk shekarun nan maƙwabta na kawo mini nasu, Allah ya saka musu. Ina ci, ina godiya, amma ba ya faɗa mini. Ɗazu da na soka wuƙa, na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ga ni zaune dirshan."

"Kuka kika yi?"

"Ƙaya ce ta soke ni."

"Wadda ba ta da zafi?"

Dariya ta ƙwace mata har tiren ya kusa zamewa. Ta goge ido da gefen gyale.

"Ka ci nasara, ɗan nema. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka jikan da zai shuka maka abin da ka fi so. Matso in gaya maka. Ka san ɓauren nan da tsawa ta raba, can saman dutse? Ka zagaya bayansa, akwai wani kwari. Akub ɗin wurin kaurinsa kamar damtsena. Da rani ka je ka ɗebo mana irinsa. Ko uwarka ban taɓa nuna wa ba. Kakanka har ya rasu yana tsammani wajen maɓuɓɓuga nake zuwa."

Wasfi ya matso da kujerarsa. Ya san mata nawa ne a ƙauyen suka sha bin sawunta tana ɓatar da su.

"Mijin fari bai ji ba, sai ni?"

Ta miƙa masa almakashin.

"Shi me ya taɓa shuka mini in ba 'ya'ya ba?"