Mita Ɗari Ukun da Suka Kusa Hana Ƙanena Aure

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka ɗauke ni takanas daga Lyon zuwa Paris don in zama shaidar tarbiyyar gidanmu, na je na buɗe baki na kusa rushe auren ƙanena Habibu. Har yau in abin ya faɗo mini ina cikin wanke-wanke, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in ce "Astagfirullah" da ƙarfi, yara su juyo suna dubana.

Bari in faro daga maƙwabciyata. A benenmu na Rillieux-la-Pape, a gefen Lyon, akwai wata tsohuwa Bafaransa, Madam Odet, ƙofarta na kallon tamu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, idanunta kuma sun dushe. Da ɗan abinci na fara kai mata saboda haƙƙin maƙwabtaka, har abin ya zama zaman hira. Marigayin mijinta a bargar dawakin tsere ya yi aiki har ya tsufa, ita kuma ba abin da ya rage mata na jin daɗi sai tseren da ake nunawa a tele ranar Lahadi. Ga shi ba ta gani sosai. Sai na zama idonta. "Mai shuɗiyar riga ne a gaba, Madam. Ga mai ja nan ya taso ta gefe!" Tana kaɗa sanda, ni ina ba da labari, carbina a hannu.

Allah shaida, ko dala ban taɓa sa wa doki ba. Amma kun san mutanenmu. A gida Nijar in aka ji mutum ya san dawakin Faransa, an gama magana: ɗan tiyarse ne, wato mai cacar dawaki. Ba wanda ake zaton ya koye su don Allah. Shi ya sa na rufe bakina. Maigidana ma iyakar saninsa ina zuwa ɗebe wa tsohuwa kewa.

Akwai wani babban tsere na dawaki 'yan shekara uku da ake yi a wani gari arewa da Paris in zafi ya fara shigowa. Da can mita dubu biyu da ɗari huɗu ake gudu, daga baya aka rage ɗari uku. Madam Odet ba ta taɓa yafe wannan ragin ba. A wajenta tun ranar darajar tseren ta zube. Ni kuwa tausayin dawakin nake ji, yara ne ƙanana, ƙashinsu bai gama ƙwari ba. Duk shekara sai mun yi musu a kai, har na ƙware (ni da ban taɓa cin musu da maigida a kan kuɗin cefane ba).

To Habibu ya ga yarinya, Ramatu, 'yar wani dattijo mutumin Maraɗi, Alhaji Isufu, da ke zaune wajen Porte de la Chapelle a Paris. Komai na tafiya daidai sai wani ya kai wa Alhaji tsegumi, wai an ga Habibu yana fitowa daga shagon da ake buga tiyarse a unguwar La Guillotière ta Lyon. Yaron nan saƙon kaya ya je karɓa, amma wa zai tsaya bincike? Alhaji kuma ya yi shekaru yana tuƙa taksi, ya sha kai mutane filin tsere suna dariya, ya maido su suna share hawaye. Ba abin da ya tsana kamar caca. Ya ce a zo masa da yaron ya gani da idonsa.

Iyayenmu suna Damagaram, don haka maigida ya tsaya a matsayin uba, ni uwa. A cikin jirgin ƙasa Habibu sai cewa yake, "Yaya, ke dai ki zauna kawai. Da sun ga hijabinki da natsuwarki an gama." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Har da ƙara masa nasiha a kan kame baki gaban manya. Ni!

Gidan Alhaji ƙarami ne, irin na Paris, ba zaure ba tsakar gida. Maza a kujerun falo, ni da matarsa Hajiya Zuwaira a tabarma can gefen ƙofar kicin, kowa na jin numfashin kowa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka sha shayi. Hajiya ta riƙa yaba ni, wai ta ji labarin yadda nake karantar da mata a unguwarmu. Na sunkuyar da kai ina jin daɗi a ɓoye.

Can sai Alhaji ya gyara zama, kamar hira ce ta kawo, ya ce, "Af, ashe fa tseren nan na 'yan shekara uku ya kusa. Habibu, wa kake gani bana?"

Tarko ne. Kowa a ɗakin ya gane tarko ne, har da ni.

Habibu ya ce, "Wallahi Baba ban san shi ba."

"Haba ɗana. Wanda aka rage wa tsawo ɗin nan. Tun da aka yanke masa mita ɗari biyar ai ya zama wasan yara."

Habibu kuwa da gaske bai san komai ba. Da an ƙara haƙuri kaɗan da ya tsallake lafiya. Sai kawai na ji wata murya daga kan tabarma ta ce, "Ɗari uku ne, Alhaji."

Muryata ce.

Maigida ya juyo a hankali. Da ina da wayo da sai in ce a rediyo na tsinta, in ja bakina. Amma Alhaji ya ɗaga gira ya ce, "To ko ɗari ukun ne, Hajiya, ai an ɓata shi. Gwarzon doki shi ne mai juriya. Wanda ya ci gajeren tsere, in kaka ta yi aka kai shi babban fili mai tsawo, sai ki ga numfashi ya ƙare masa."

Kalmomin Madam Odet ke nan sak, amsarsu kuma tana bakina a shirye tun shekaru. Na manta inda nake. Na ce, "A'a Alhaji, ba haka ba ne! Da tsohon tsawon, masu juriya kaɗai ke shiga. Yanzu kuwa mai sauri da mai juriya duk suna haɗuwa a fili ɗaya, ai nan ake gane gwani. Kuma ka manta hawan nan na ƙarshe? Dokin da ba shi da ƙarfin zuciya ba ya gama shi, ko an rage ko ba a rage ba!"

"Darajarsa fa? Na Ingila ai ba su taɓa nasu ba."

"Su ta shafa! Waɗannan fa yara ne, Alhaji, shekara uku! A bari su yi ƙwari mana kafin a ɗora musu wahala!"

Ban san lokacin da na tashi a kan gwiwoyina ba. Ban san lokacin da na riƙe linzamin da babu shi ba, ina nuna yadda mahayi ke ɓoye dokinsa a bayan na gaba sai an shawo kwana ya sake shi. Hijabina har rawa yake. Abin da ya dawo da ni hayyacina ƙarar cokali ce da ya faɗi a kicin, inda Ramatu ke laɓe tana saurare.

Hajiya Zuwaira ta ɗan ja jikinta daga kusa da ni. Habibu ya kafa wa kafet ido kamar zai huda shi. Maigida kuwa kallona yake irin kallon wanda ya auri mace shekara da shekaru yau ya fara ganinta.

Alhaji ya kurɓi shayinsa ya ce, "To. Yaron dai na wanke shi, ko wutsiyar doki bai sani ba." Ya ɗan dakata. "Sai dai ban san wa ke buga tiyarsen a gidan naku ba."

Na so in yi bayani, kuka ya riga ni. Alhaji ya ce za su yi shawara, a saurare su. A hanyar komawa, wajen tsakiyar tafiya, Habibu ya ce a hankali, "Yaya, ai cewa na yi ki zauna kawai." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na shiga wajen Madam Odet na zayyana mata komai ina sharɓe hawaye. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Dakata. Shi mutumin tsohon tsawon yake so?" Na ce e. Ta ce, "Mai hankali ne. Kira mini shi."

Na karɓi lambar wajen Habibu, na buga, na miƙa mata. Ta gaya masa ko ita wace ce, ta gaya masa wadda ke kawo mata miya da wadda ke karanta mata takardar magani. Ta ce shekarun nan duka ba ta taɓa ganin na sa ko sisi a kan doki ba, in ta matsa mini ma sai in ce addinina ya hana. Na ji sanyi a raina. Sai ta ƙara da cewa, "Mace ce ta kirki, amma a kan maganar tsawon nan ba ta san abin da take faɗa ba." Daga nan suka ɓarke da hira su biyu, suna ta ba juna gaskiya a kaina, ni ina tsaye riƙe da kofin shayinta.

An ba Habibu Ramatu. Ranar ɗaurin aure Alhaji ya hango ni cikin mata, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Hajiya mai dawaki, an zo lafiya? Ya gajiyar mita ɗari uku?" Sunan ya bi ni har Damagaram, inna ta bugo waya tana tambaya ko da gaske ne na sayi doki.

Yanzu in zan je gidan surukai nakan cika bakina da dabino tun daga ƙofa, in yi ta tauna har a shafa fatiha. Amma tsakanina da ku, har gobe ni ce da gaskiya a kan tsawon nan.